Na kwana ina kallon tsofaffin hirarrakin marigayi Ibro, sai na ga kamar ban taɓa saninsa ba

Ɗan_Wunti:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Daren jiya an ɗauke wuta, zafi ya hana ni barci, na jawo tabarma tsakar gida ina latse-latsen waya. Ban san yadda aka yi ba YouTube ya jefo mini wata tsohuwar hira da marigayi Rabilu Musa Ibro. Hoton duk ya dusashe, muryar ma sai na manna wayar a kunne. Na ce bari in kalla in ɗan yi dariya kafin barci ya zo. Wallahi ban yi dariyar ba. Mutumin da na sani da zare ido da ihu, a biyo shi da gudu ya faɗa kwata, sai ga shi zaune a natse, yana barin mai tambaya ya kai ƙarshen tambayarsa kafin ya buɗe baki. Daga wannan na koma wata, daga ita na koma wata, ban ankara ba sai kiran assalatu na ji daga masallacin layinmu, data kuma ta ƙare.

Tun ina firamare nake kallon mutumin nan, amma jiya ne na fara jin kamar na zauna da shi. Har na ji kunya, don a da ina cikin masu cewa ai yadda yake a fim haka yake a gida. Tambayata ga manya da masana: ana iya gane halin mutum daga hirar da aka yi da shi? Ko kuwa don ya rasu ne zuciyata ta yi laushi nake ganin abin da babu?

Maman_Ilham:
Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. Ni dai mahaifina bai yarda da fim ba sam, amma in aka sa Ibro sai ka ga ya gyara zama a bakin ƙofa wai iska yake sha. Mu kuma mu yi kamar ba mu ga kafaɗarsa tana rawa ba.

Sarkin_Musu:
Ɗan_Wunti, barci ne bai ishe ka ba. Mutumin da sana'arsa ita ce ya zama wani, a ba shi kuɗi, shi ne za ka ce ka gane halinsa don ya zauna gaban kyamara ya yi magana a hankali? Ita ma hirar ai wani fim ɗin ce, rigar ce kawai aka canza. Ban ce marigayin ba mutumin kirki ba ne, Allah ya gafarta masa. Na ce hujjarka ce ba ta da ƙafa. Kowa in aka kunna masa makirufo malami ne.

Baba_Mai_Rediyo:
Ɗana Sarkin_Musu, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ni zan ƙara maka da abin da ba ka sani ba. Na yi shekaru ina aikin gabatar da shirye-shirye kafin in yi ritaya, tun lokacin da ake naɗar murya a tef mai zagaye. Sai mu zauna da baƙo minti arba'in, a sa minti goma sha biyar a iska. Sauran ina suke? Reza muke sawa mu yanke tef ɗin a zahiri, mu manne bakin biyu, abin da aka yanke ya zube ƙasa mai shara ya kwashe. In baƙo ya yi tuntuɓen harshe mu cire. In ya harzuƙa ya zagi wani mu cire, don gudun rigima. In ya yi ta inda-inda mu ɗinke masa maganar har ya fito kamar mai hikima. Saboda haka wanda kuke ji a gida ba shi ne ainihin wanda ya zauna gabana ba, wankakke ne, gogagge.

Amma akwai abin da reza ba ta iya sawa a bakin mutum. Ba zan iya ƙara masa sunan wanda ya taimake shi ba in shi bai ambata ba. Akwai baƙon da za ka yi awa da shi, daga "ni na fara" sai "ni na kawo", kamar daga sama ya faɗo. Akwai kuma wanda kana tambayarsa yadda ya fara zai jero maka mutum biyar, har da wanda ya ara masa keke. Na biyu, mu 'yan jarida muna da mugun hali, mukan ɗana wa baƙo tarko da sunan abokin hamayyarsa. Ka duba abin da ya yi da tarkon. Wani zai faɗa ciki da murna, wani zai yi murmushi ya zagaye shi, kuma murmushin ma iri biyu ne, akwai na dattako akwai na "bari a kashe na'ura in ba ka labari". Na uku, kuma shi ne babba, hira ɗaya ba ta isa shaida. Ka nemo wadda aka yi da shi yana tashe, da wadda aka yi bayan shekara shida ko bakwai, wani ɗan jarida daban, wani gari daban. In labarin asalinsa bai canza ba, ƙauyensu bai koma birni ba, talaucin da ya taso ciki bai ƙaru ba don a tausaya masa, bai kuma ragu ba don kunya, to ka samu wani abu. Maƙaryaci ba ya tuna abin da ya faɗa wa rediyo shekara bakwai baya.

Ni abin da na fi dogara da shi ma ku ba ku gani: yadda baƙo yake gaisawa da yaron da ke ɗaura masa makirufo.

Ɗan_Wunti:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan na ukun shi ne ya kama ni ban san sunansa ba. Hirarrakin da na gani ba lokaci ɗaya aka yi su ba, jikinsa ma ya nuna, amma zaman iri ɗaya ne.

Sarkin_Musu:
Baba na karɓi gyara da hannu biyu, sai dai ka lura da kanka ka ce abin da ka fi dogara da shi ba ya fitowa a hira. To mun dawo gidan jiya ke nan.

Adda_Jekadafari:
Bari in ba ku nawa, don ni gani na yi ba ji ba. Na taɓa aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal a nan Gombe. Wata Sallah aka kawo 'yan fim wasan gala, suka sauka wajenmu. A cikinsu akwai wanda nake mutuwar son hirarsa, kullum cikin "in Allah ya yarda" da "masoyana su ne ni". Da daddare ruwan zafi bai zo ɗakinsa da wuri ba. Yaron da ya kai masa bokitin, wani ɗan marayan Allah da bai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya sha zagin da har uwarsa aka sa a ciki, a gaban mutane, a kan bene. Yaron ya sauko ya tsaya bayan janareta yana share hawaye da gefen riga. Washegari 'yan jarida suka zo harabar otal ɗin, na tsaya daga nesa ina kallon bawan Allahn nan yana magana a kan tarbiyya.

A tawagar kuma akwai wani da a fim kullum shi ne mugu, ko ɗan daba ko boka. Shi ne ya nemo yaron da safe, ya zaunar da shi suka karya tare. Tun daga ranar na daina rantsuwa a kan kowa. Ba marigayin da ake magana ba ne, kar wani ya fassara ni, wanda nake nufi yana nan da ransa.

Yaro_Da_Kuɗi:
Adda don Allah harafin farko kawai 😂

Admin_Garba:
Babu harafin farko, babu na ƙarshe. Duk wanda ya fara canke-canken suna zan goge. A ci gaba.

Malam_Na_Jahun:
Abin da Adda ta faɗa ya tuna mini da labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Wani ya zo zai yi wa wani shaidar kirki a gabansa. Umar ya tambaye shi: kai maƙwabcinsa ne da ka san shigarsa da fitarsa? Ya ce a'a. Kun taɓa tafiya tare? A'a. Kun taɓa hulɗar kuɗi? A'a. Sai ya ce masa wataƙila dai ka gan shi a masallaci yana sunkuyawa yana ɗagowa, je ka, ba ka san shi ba. To in sallar da aka gani a masallaci ba ta isa a ce an san mutum ba, ina ga hirar talabijin.

Wannan fuska ɗaya ke nan. Ɗaya fuskar kuma, ba a ɗora mana binciken mamaci ba. Hadisin Nana A'isha a Bukhari ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Akwai kuma hadisin Anas, da aka wuce da gawa mutane suka yabe ta Annabi (SAW) ya ce ta wajaba, ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Don haka Ɗan_Wunti, in ka ga alheri a fuskar bawan Allah ka kyautata masa zato ka yi masa addu'a, ba ka yi laifi ba. Kar dai ka ce ka san shi.

Hamma_Kumo:
Ikon Allah, kamar jiya. Ina jin 2015 ne Ibro ya rasu ko? Lokacin ana ta hayaniyar zaɓe.

Ɗan_Kobi:
A'a Hamma, 10 ga Disamba 2014 ne, a Kano. Hayaniyar zaɓen ce ta ruɗe ka, don lokacin an riga an shiga kakar siyasa. Bai ma kai shekara 45 ba.

Abin da yawancin yara ba su sani ba, kafin ya yi suna a fim ma'aikacin gidan yari ne, ya yi shekaru yana aikin ganduroba. Mutumin ƙasar Wudil ne. Ni ina ganin wannan yana cikin abin da Ɗan_Wunti ya hango. Wanda ya yi aikin kaki, ya saba da fareti da tsayawa gaban na gaba da shi, ba zai rasa iya zama ya saurari mutum ba. Sannan ku tuna aikin ya nuna masa mutane iri-iri: ɓarawon akuya, ɗan damfara, wanda aka ɗaure bisa kuskure, mai kuka da mai cika baki. Ina mai barkwanci zai samu makarantar da ta fi wannan? Abin mamakin kuma, a 2008, lokacin da hukumar tace fina-finai ta Kano ta matsa wa 'yan fim lamba, kotun tafi-da-gidanka ta tura shi gidan yarin. Wanda ya taɓa riƙe makulli ya koma bayan ƙofa.

Hamma_Kumo:
Na gode da gyara. Wannan na ganduroba yau na fara ji wallahi.

Baffa_Azare:
Ku kuna da sa'a, naku ya kai zamanin da ake ɗora abu a intanet. Mu nan abin da ba ma mantawa shi ne Ahmad S. Nuhu. Ranar 1 ga Janairu 2007, cikin kwanakin Babbar Sallah, hatsarin mota ya rutsa da shi a nan yankinmu na Azare, suna kan hanyar Maiduguri. Ina shagon ɗinki a lokacin. Labarin ya shigo kasuwa kafin rediyo ta faɗa, wani ya ce ƙarya ne, wani ya ce ai fim suke ɗauka. Maigidana ya kashe keke ya ce kowa ya tashi. Yaro ne matashi, tauraronsa yana tsakiyar haskawa.

Shekaran jiya ɗana ya tambaye ni wane ne shi, na ce bari in nemo maka ya yi magana da bakinsa ka ji. Na yi ta nema, yawanci sai guntayen fim da waƙoƙi da hotuna an sa musu sautin tausayi. Wanda ya rasu kafin wayoyin nan su cika hannu, muryarsa ta gaskiya tana cikin kaset a ɗakin wani, in ma ba a zubar ba.

Maman_Ilham:
Baffa ka tayar mini da tsohon mikin. Ita ma Hauwa Ali Dodo ranar 1 ga Janairu ta rasu, a 2010, ita ma hatsarin mota. Shekara uku cif tsakaninsu. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Mai_Kaset_Muda_Lawal:
Maganar Baffa ta zo inda nake. Na yi shekaru ina sayar da kaset da bayar da haya, tun na bidiyo mai baƙin gida har aka koma faifan CD, har shi ma ya mutu aka koma tura fim a waya. Da kasuwar ta juya, da idona na ga abokan sana'a suna loda kaset a buhu suna ba masu gwangwan, wasu yara suka zare zaren suna ɗaure shi a gona don korar tsuntsaye. A cikin waɗannan akwai bukukuwan karrama 'yan wasa, akwai gala, akwai hirarrakin da ake liƙawa a ƙarshen fim. Babu wanda ya ɗauke su a bakin komai, ni ma har da ni.

Kaset ba ya son zafi, ba ya son laima. In ya shekara goma a ɗaki mai yoyo, za ka ga wani farin abu kamar gari ya fito a jikin zaren ta tagar gilashin, fumfuna ke nan. Ka sa shi a na'ura haka, zai dame kan na'urar, wani lokaci zaren ya manne ya tsinke. Sai an buɗe gidan, an bi zaren a hankali da ƙyalle mai laushi, an goge kan na'urar da sifirit, sannan a haɗa da kwamfuta a juye. Kaset ɗin awa uku, awa uku za ka zauna, babu gaggawa a ciki. Har yanzu ina da na'ura ɗaya mai aiki, ina lallaɓa ta kamar tsohuwa.

Wanda kuma yake neman maganar 'yan wasan da da gaske, ya nemi tsofaffin mujallu. Mujallar Fim tun 1999 take fitowa, kuma hirarrakinta dogaye ne, shafi uku shafi huɗu, ba irin na minti biyu ba. Ina da kwali guda a ƙarƙashin gado, uwargida ta sha yi mini barazanar za ta ba mai ƙosai.

Zee_Fadaman_Mada:
Kawu Mai_Kaset don girman Allah kar ka bari mai ƙosai ta gan su 😭

Ni kuma ƙorafina a kan masu yin hirar ne. An samu mutum ya zauna, maimakon a tambaye shi yadda yake gina wasa, yadda yake sanin inda zai tsaya mutane su yi dariya, wa ya koya masa, sai ka ji "wane abinci ka fi so", "wace kala ce taka", "wane kira za ka yi ga masoyanka". Yanzu mutumin ya tafi, abin da aka bar mana shi ne yana son tuwo miyar kuka. Wa ba ya so?

Baba_Mai_Rediyo:
'Yata Zee, kin mare mu kuma mun ji. Laifinmu ne. A lokacin ba mu ɗauki mai barkwanci a matsayin mai ilimin sana'a ba, mun ɗauke shi abin cike gurbi kafin labarai. Malami ko ɗan siyasa za ka kwana kana shirya masa tambayoyi, ɗan wasa kuwa a tsaye ake rubuta nasa. Kuma tef tsada gare shi, sau da yawa in shiri ya fita sai a naɗi wani a kansa. Muryoyi nawa na goge da hannuna, Allah kaɗai ya sani.

Goggo_Bolari:
Ni tsohuwa ce a cikinku, jikata ce take rubuta mini. Ku da kuke cewa hira ba ta nuna komai, to fim ne yake nunawa? Marigayiya Saratu Gidado, Daso, shekara nawa mata suna tsine mata a gaban talabijin saboda tana fitowa a muguwar kishiya ko uwar miji? Akwai maƙwabciyata da ta rantse in ta gan ta a hanya ba za ta amsa sallamarta ba. Da ta rasu a ƙarshen azumin 2024 aka yi ta yaɗa bidiyoyinta tana raha da mutane, maƙwabciyar nan tawa ta zo har ɗakina tana cewa Goggo ashe haka take? Na ce da wa ya ce miki ba haka take ba? Ke kika haɗa ta da rigar aro. In hirar ba ta yi komai ba, ta dai cire wa mutum rigar da muka liƙa masa.

Ɗan_Wunti:
Goggo kin faɗi abin da na kasa faɗa tun farko. Ba cewa nake na san Ibro ba. Cewa nake ashe wanda na ɗauka na sani ɗin ba shi ba ne.

Sarkin_Musu:
To wannan na yarda da shi, don ya bambanta da abin da ka fara rubutawa. Amma bari in ƙara jefa wani dutsen. Me ya sa sai yanzu? Hirarrakin nan suna nan tun yana raye. Lokacin da aka ɗaure shi a 2008, nawa ne cikinmu suka ce a je a ji ta bakinsa? Yawancinmu cewa muka yi Allah ya ƙara, 'yan fim sun lalata tarbiyya, alhali da daddare mu ne a gaban bidiyo. Akwai tsofaffin 'yan wasa yanzu haka da ke kwance ba lafiya, sai an ɗauki bidiyonsu suna neman taimako mu tura wa juna mu wuce. Ranar da suka cika kuma kowa ya zama masanin halinsu. Ni wannan son na bayan rai ne yake ba ni haushi, ba marigayin ba.

Adda_Jekadafari:
Yau dai Sarkin_Musu ya yi musu mai amfani.

Kawu_Tsohon_Soja:
Ina karanta ku tun safe. Ku yara kun tsaya a kan 'yan bidiyo, mu namu na rediyo da talabijin ne. Samanja Mazan Fama, Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Kaduna a Nuwamba 2023. Mu da muka yi aikin soja mun san ba kwaikwayo kawai yake ba, soja ne na gaske, ya sa kaki. Sunan ma ai muƙamin sajan manjo ne da bakin Bahaushe. Abin da ya ba ni mamaki da na ji tarihinsa daga baya, ashe Banufe ne, kuma ɗan gidan sarautar Pategi. Mutumin da ya sa duk Arewa dariya da Hausar barikin soja, ɗan sarki ne da ya bar gida ya zaɓi wannan hanya. A wasan ba za ka taɓa ganin haka ba, sai ihu da ba da oda. Sai da aka zauna da shi aka tambaye shi. To ku ce mini hira ba ta da amfani.

Haka Kasimu Yero, da ya rasu a 2017. Wanda ya san shi a wasan barkwanci kawai, ranar da ya ji shi yana magana a kan sana'ar sai ya gyara zama.

Yaro_Da_Kuɗi:
Kawu mu fa ba mu taso mun same su ba, a ina za mu gani?

Kawu_Tsohon_Soja:
Wayar da kake neman harafin farko da ita, ita za ka tambaya.

Malam_Na_Jahun:
Wani ya bi ni ta akwatin sirri yana tambaya ko kallon hirar mamaci yana cutar da shi a kabari. Na ga gara in amsa a nan. Ban san wani dalili da ya hana sauraron maganar mutum ta alheri bayan ransa ba, muna sauraron karatun malaman da suka rasu kullum. Abin da ya kamata a kiyaye, in akwai wani abu nasa da kake ganin shi kansa da yana raye ba zai so a yaɗa ba, kar ka zama kai ne mai yaɗawa. Yana da 'ya'ya, suna da waya kamar kai.

Hamma_Kumo:
Ni wannan zancen ya kai ni wani wuri daban. Ibro dai ga shi muna jin muryarsa bayan shekaru. Mahaifina ya rasu ina da waya mai kyamara a aljihu, na ɗauki bikin abokai, na ɗauki ƙwallo, na ɗauki har saniyar layya, amma ban taɓa cewa Baba zauna ka ba ni labarin yadda kuka taso daga ƙauye kuka zo Kumo ba. Yana yawan farawa, ni kuma ina yawan cewa ina zuwa. Yanzu ƙanwata takan tambaye ni yadda muryarsa take, in buɗe baki in kasa kwatantawa.

Maman_Ilham:
Hamma ka sa ni hawaye a wurin aiki. Allah ya jiƙan Baba. Akwai wani kaset na rediyo da mahaifina ya naɗa ya aiko wa mahaifiyata da shi daga Makka, shekarar da ya yi aikin Hajji, irin saƙon da ake ba alhazan da suka riga dawowa. Yana cikin adakarta har yau, ba mu da abin kunnawa.

Sarkin_Musu:
Allah ya jiƙan iyaye. Amma don kar a ce na gudu, ina nan kan bakana: Ɗan_Wunti ya ga natsuwa, natsuwa kuma ba ita ce hali ba. Wanda zai ba mu labarin Ibro shi ne direban da ya yi tafiyar dare da shi, da yaran da suka yi aiki ƙarƙashinsa, da maƙwabtansa na Wudil. Su ya kamata a je a naɗa tun suna raye.

Zee_Fadaman_Mada:
To ai su ma hira za a yi da su, Sarkin_Musu. Su kuma wa zai tantance mana su? 😅

Mai_Kaset_Muda_Lawal:
Maman_Ilham, kar ku kuskura ku sa kaset ɗin nan a kowace rediyo don gwaji, in robar cikinta ta saki za ta cinye zaren. Ki duba ta tagar ko akwai fari-fari a jiki. In babu, ki sa biro a ramin ki juya a hankali ki ji ko yana tafiya ba tare da ya riƙe ba. Ki ba wani yaro ya kawo mini ranar Asabar bayan la'asar, a naɗe cikin ƙyalle, kar a bar shi a rana cikin mota. Ba na karɓar ko sisi a kan wannan. Ɗan_Wunti kai ma ka zo, ka taya ni sauko da kwalin mujallun nan, bayana ba ya son sunkuyo.

Ɗan_Wunti:
In Allah ya kai mu Kawu. Zan zo da leda babba saboda ƙura.